Tambaya da Amsa: Wai da gaske ƙasar Tuvalu nutsewa take yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo a Facebook, wani minista sanye da kwat yana jawabi a tsaye cikin teku ruwa har gwiwarsa, wai ƙasarsu ce ke nutsewa. Don Allah gaskiya ne? In gaskiya ne me gwamnatinsu take yi, ko zuba ido kawai suka yi?
Daga wata ɗaliba a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Bidiyon gaskiya ne, Simon Kofe ne, ministan harkokin wajen Tuvalu a lokacin, ya aika saƙon ne zuwa taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021. Tuvalu tsibirai 9 ne a tekun Pasifik, mutanenta wajen 11,000, duk faɗinta murabba'in kilomita 26 ne, kuma wurin da ya fi tudu a ƙasar bai kai mita 5 ba. Mu in ambaliya ta zo sai a kwashi yara a gudu kan tudu, su ina za su gudu?

Kuma fa ba sai ranar da teku ya shanye ƙasar ba, wahalar ta riga ta fara. Ruwan gishiri ta ƙarƙashin ƙasa yake tsattsafowa, ya shiga ramukan da suke shuka pulaka, wani irin gwaza ne da suka gada kaka da kakanni, sai ka ga ganyen ya yi yaushi ya mutu. Ruwan rijiya ya yi zartsi, ruwan sama suke tara a tanki, shi ya sa da aka yi fari a 2011 sai da aka kafa dokar ta-ɓaci, Ostiraliya da Niyu Zilan suka kai musu injinan tace ruwan teku.

Ba su zauna ba kam. A Funafuti babban birninsu sun haƙo yashi sun cike bakin ruwa, suka samu sabon fili sama da hekta 7 mai tudu. A 2023 suka gyara kundin tsarin mulki cewa Tuvalu tana nan a matsayin ƙasa ko da teku ya cinye filinta, a shekarar kuma suka ƙulla yarjejeniya da Ostiraliya ta karɓar mutum 280 duk shekara. Wannan na ƙarshen ni kam yana taɓa min zuciya, don ƙasa mai mutum 11,000 in ana ɗibar 280 duk shekara, wa zai rage ya koyar a makaranta, wa zai duba marasa lafiya?

Wani misalin da nake so ki ƙara dubawa shi ne na Fiji, ita ma ƙasar tsibirai ce a tekun Pasifik. A 2014 aka tashi ƙauyen Vunidogoloa gaba ɗaya saboda ruwan teku ya addabe shi, aka mai da shi wajen kilomita 2 daga bakin teku, mutanen da kansu suka nemi a tashe su. An gina gidaje, an haƙa tafkunan kifi, amma da aka tare sai ga gidaje babu madafi, don ba a zauna da matan ƙauyen an ji ta bakinsu ba, kowace sai da ta san yadda ta yi ta kafa murhunta. A 2018 gwamnatin Fiji ta fitar da ƙa'idojin tashin ƙauyuka, a ciki aka sa dole a saurari mazauna wurin har da mata kafin a aza tubali.