Filin Tambaya da Amsa: Bonet Ya Ƙi Buɗuwa, Ga Kuma Tafiya a Gaba

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramar mota 'yar Beljiyam da nake zirga-zirga da ita tsakanin Garwa da Marwa saboda harkar kasuwanci. A makon da ya wuce na tashi zan duba ruwa da baƙin mai, na ja hannun buɗe bonet kamar yadda na saba, sai ya biyo ni sakwa-sakwa babu wani nauyi, bonet kuwa ko motsi bai yi ba. Wani yaron gareji ya ce in bari ya sa ƙarfen cire taya ya ɓamɓare shi ta gaba, amma hankalina bai kwanta ba. Yaya zan buɗe shi ba tare da na yi wa motar ɓarna ba? Kuma ko zan iya ci gaba da tafiya da ita a haka har in sami sarari?

Mai karatu daga Garwa, Kamaru

AMSA

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi daidai da ka dakatar da yaron nan. Wayar buɗe bonet da ake zaton ta tsinke abu ce mai araha, amma bonet ɗin da aka lanƙwasa wa baki sai mai gyaran jiki da mai fenti sun sa hannu, kuma da wuya ya koma ya zauna yadda yake a da. An ƙera makullin da ke riƙe da shi ne domin ya jure iskar gudu da girgizar hanya, saboda haka ƙarfen zai lotsa jikin motar tun kafin makullin ya saki.

Ba ka faɗi samfurin motarka ba, amma tsarin ɗaya ne a mafi yawan ƙananan motocin da ke yawo a ƙasar nan. Hannun da kake ja yana gefen hagu, kusa da ƙafar direba. Daga jikinsa wata siririyar wayar ƙarfe ta tashi, tana tafiya a cikin rigarta, irin dai wayar kulocin babur. Ta ratsa bangon da ya raba inji da inda mutane ke zama, ta bi gefen inji, ta isa makullin da ke gaba a saman lagireto. Idan ka ja hannun, wayar takan janye wani ɗan harshe na ƙarfe, makullin ya saki, sifirin ya tura bonet sama kamar faɗin yatsu biyu. A nan ƙugiya ta biyu take tare shi, wadda sai an zura hannu ta gaba an ture ta sannan ya ɗagu gaba ɗaya.

Kafin a ɗauko kowane kayan aiki, a lura da yadda hannun yake idan an ja shi, domin a nan ake gane inda cutar take. Idan yana da nauyinsa na kullum amma bonet bai tashi ba, to wayar lafiyarta lau, makulli ne ya daskare ko sifirin ya gaji. Wannan aikin mutum biyu ne: ɗaya ya ja hannun ya riƙe, ɗaya ya ɗora tafin hannuwansa a bakin bonet daidai saitin makulli, ya danna ƙasa ya saki, ko ya ɗan bubbuga, sannan ya gwada ɗagawa. Dannawar tana rage matsin da ke kan harshen makullin har ya sami damar zamewa. A bakin gaba ake dannawa, ba a tsakiya ba, don ƙarfen tsakiya siriri ne kuma yana lotsewa nan da nan. Idan kuwa hannun ya yi tauri ya ƙi janyuwa, a daina gwada ƙarfi a kansa, domin fizga irin wannan ce ke tsinka yawancin wayoyin da ake kai wa makanikai. A fesa man warware tsatsa irin su WD-40 ta cikin ragar gaba zuwa kan makullin, a jira 'yan mintoci, a sake gwadawa a hankali.

Naka kuwa, yadda ka bayyana shi, ya rabu da makulli ne gaba ɗaya. Ka ɗauki tocila ka leƙa bayan hannun. Sau da yawa matsalar ba ta wuce nan: hannun roba ne, zafin da ke taruwa a cikin motar da aka rufe a rana yana busar da shi har ya tsage, sai ɗan dunƙulen da ke bakin wayar ya fice daga gurbinsa. Idan ka ga bakin wayar, ka kama shi da filaya, ka ja a miƙe, sannu a hankali, ba da fizga ba. Ka duba rigar wayar ma, domin idan ta kuɓuce daga inda aka kafa ta, za ta riƙa bin wayar duk lokacin da aka ja, jan kuma ba zai isa makulli ba. Sai ka mayar da ita gurbinta, ko ka riƙe ta da hannu ɗaya ka ja wayar da ɗayan.

Idan ka ja wayar ta yi ta biyo ka har ta fito, kada ka jefar da ita. Tsawon abin da ya fito shi zai nuna maka inda ta tsinke. In guntuwa ce, ragowar tana nan a haɗe da makulli, kuma a wasu motoci ana iya cim mata ta saman tayar gaba ta hagu: a cire robar da ke cikin madigadi, a nemo rigar wayar, a yanka ta da kulawa a gaban inda ta tsinke, a kama ta ciki da filaya a ja. In kuwa doguwa ce ta fito, to a bakin makulli ta rabu, kuma babu makawa sai an taɓa makullin kansa.

A nan nake ba da shawarar da mutane ba su cika bi ba saboda gaggawa, alhali ita ce ta fi rage wahala. Ka nemi wata mota irin taka, wadda ba za ta yi wuyar samu a garejojin Garwa ba, a buɗe bonet ɗinta, wani ya ja hannun kai kuma kana kallon makullin. Ka ga inda wayar ta maƙale, ka ga gefen da harshen yake motsawa, ka auna nisansa daga ragar gaba. Sannan ka koma ga taka da tocila da doguwar sukudireba, ko ƙaƙƙarfar waya da ka lanƙwasa bakinta ta zama ƙugiya. Ka zura ta cikin raga ka tura harshen zuwa gefen da wayar ke jan sa, wanda galibi shi ne gefen da wayar ta fito, yayin da wani yake ɗan danna bonet daga sama. Ka sani cewa a bayan ragar nan akwai lagireto, kuma idan motar tana da na'urar sanyi, nata lagireton shi ne ma a gaba. Dukkansu da siraran bututun alminiyam aka yi su, kuma sukudireba tana zamewa sau ɗaya ta huda ɗaya daga cikinsu. Abin da idonka bai gani ba, kada ka tura shi da ƙarfi.

Wasu kamfanoni sun rufe gaban makullin da faifai saboda ɓarayi, ta yadda ba a isa gare shi ta raga. A irin wannan hali sai a bi ta ƙasa, a kwance robar da ke ƙarƙashin inji a miƙa hannu ko doguwar sanda ta gaban lagireto. Ina roƙonka kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke ɗauke da ita, musamman a kan ƙasa mai yashi. Ka kai ta inda akwai ramin gareji, ka ja birkin hannu, ka sa wa tayoyi waigi. Ka zare makullin mota ka jira inji ya huce sarai, domin a motoci da yawa fankar lagireto tana iya tashi da kanta bayan an kashe inji, kuma batirin da za a cire don hana ta yana ƙarƙashin bonet ɗin da ya ƙi buɗuwa. Idan duk wannan bai yi ba, makaniki zai cire ragar gaba, ko da sai an fasa ta, ya kwance notocin da suka ɗaure makullin a jikin mota, waɗanda a motocin Japan galibi sifana mai lamba 10 ce ke kama su. Asarar raga ta fi asarar bonet sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai motocin da suka saɓa wa wannan tsari. Ford Focus na farko da ya fito a 1998 da wanda ya biyo bayansa ba su da hannu a ciki. Da makullin mota ake buɗe su ta bayan tambarin da ke gaba. Motoci da yawa na Mercedes da BMW kuma makulli biyu gare su, hagu da dama, don haka ɗaya yana iya saki ɗaya ya riƙe.

Game da tambayarka ta biyu, ban yarda ka kama hanya a haka ba. Tsakanin Garwa da Marwa akwai kimanin kilomita 200, kuma a watannin Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40. Idan inji ya yi zafi a tsakiyar hanya ba ka da yadda za ka ƙara ruwa, idan kan batiri ya saki ba za ka isa gare shi ba. Mafi haɗari shi ne idan babban makulli ya ɗan saki wajen gwaje-gwajen da aka yi, ƙugiya ta biyu kaɗai ta rage: iskar gudu da faɗawa rami suna iya sa bonet ya tashi ya rufe gilashin gaba kana cikin tafiya. Ka kama bakinsa ka jijjiga; in yana motsi sama da ƙasa, kada motar ta wuce gareji mafi kusa, kuma a hankali.

Da zarar ya buɗe, kada a rufe shi sai an gama gyara. A sa sabuwar waya maimakon a ƙulla tsohuwa. A wanke makullin da kananzir da burushi har sai ƙarfensa ya fito, sannan a shafa masa giris kaɗan, domin man fesawa yana warware tsatsa ne amma ba ya daɗewa. Na ce kaɗan da gangan: giris mai yawa idan ya haɗu da ƙurar hunturu yakan zama taɓo mai tauri, shi ne kuma ke daskarar da makullan motocinmu. Motocin da suka yi shekaru a Turai suna zuwa da tasu tsatsar ma, saboda gishirin da ake zubawa a titunan can lokacin ƙanƙara. Kafin a sauke bonet, a danna makullin da jikin sukudireba har ya kama, a ja hannun a tabbatar yana saki. Wanke shi sau biyu a shekara, bayan hunturu da bayan damina, ya wadatar.

TAMBAYA

Malam, nawa bonet ɗin yana tashi idan na ja hannun, amma daga nan sai ya tsaya, ƙugiyar gaba ta ƙi turuwa. Mene ne abin yi?

Mai karatu daga Njamena, Cadi

AMSA

Hajiya, wannan ya fi na sama sauƙi, tunda ƙugiyar tana inda ido zai gan ta. Ki haska tocila ta ratar da ta buɗe ki ga gefen da take motsawa, domin a wasu motoci gefe ake ture ta, a wasu kuma sama ake ɗaga ta. Ki fesa mata mai a inda take juyawa, ki jira kaɗan. Sannan ki ɗan danna bonet ƙasa da hannu ɗaya yayin da kike ture ta da ɗayan, saboda muddin sifirin yana tura bonet sama, ƙugiyar a ɗaure take. Bayan ya buɗe, ki motsa ta da yatsa ki tabbatar tana komawa mazauninta da kanta. Idan ba ta komawa, ɗan sifirin ɗinta ya karye ko ya yi tsatsa, kuma a sauya shi kafin motar ta sake hawa babban titi, don ita ce ke riƙe bonet ranar da babban makulli ya saki.