Amsa: Shin dokar gwamnati za ta iya taɓa kuɗina da ke kirifto?

Malam, ka tambaya ko doka na iya jawo maka asara. Tana iyawa, amma a Najeriya ba farashi take fara taɓawa ba, hanyar fitar da kuɗi take toshewa.

A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya (CBN) ya hana bankuna hulɗa da kamfanonin kirifto. Bitcoin bai girgiza a kasuwar duniya ba, mutane dai suka koma P2P, wato ciniki kai tsaye tsakanin mutum da mutum, wasu kuma aka rufe musu asusun banki. An janye haramcin a Disambar 2023, sai ga shi a Maris 2024 Binance, manhajar cinikin kirifto, ta daina hulɗa da naira, ta mayar da ragowar nairar mutane USDT, wato kirifton da darajarsa ke bin dalar Amurka.

Farashi kuwa, manyan ƙasashe ke juya shi. Da Amurka ta amince da ETF na Bitcoin (hannun jarin da ke bin farashin Bitcoin) a Janairun 2024, zuwa Maris ya haura dala 70,000.

Yanzu dokar zuba jari ta ISA ta 2025 ta sa kirifto ƙarƙashin SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Najeriya, don haka duba rajistar kamfani kafin ka zuba kuɗi. A P2P kada ka karɓi kuɗi daga asusun da sunansa ya saɓa da na mai saye, yawanci nan matsalar banki ke farawa. Abin da ba ka ciniki da shi, kwashe shi zuwa walat ɗinka (ma'ajiyar kirifto ta kanka), ka rubuta kalmomin sirrin buɗe shi a takarda, ba a waya ba.