Fim ɗin ban tsoro da kuɗin ɗalibai: me za a saya, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Mu shida ne a ajin ƙarshe na sashen koyon aikin jarida. An ba mu aikin gajeren fim na minti bakwai, muka zaɓi na ban tsoro, kuma ɗaliban sakandare za a haska wa. Mun yi karo-karo mun tara naira 180,000. Abokaina sun dage sai an yi hayar babbar kyamara, wadda za ta cinye fiye da rabin kuɗin. Ni kuma ina ganin wayar ɗayanmu ta isa. Wa ke da gaskiya? Daga wani ɗalibi a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanina. Kai ke da gaskiya, amma kuɗin da kuka tsira da shi yana da wurin zuwa, kuma wurin farko shi ne sauti. Kafin ku ci gaba da gardama, ku zauna ku shida, ku kunna duk wani fim da ya taɓa razana ku, ku kashe muryarsa. Za ku ga tsoron ya bi ruwa. Mai kallo yana yafe hoton da bai fita tas ba, har ma a irin wannan fim ɗan duhu-duhun yana ƙara masa armashi, amma ba ya yafe maganar da ba ya ji.

Ku sayi ƙaramar makirfo ta maƙalawa a wuyan riga. Irin su Boya BY-M1 suna da igiya mai tsawon mita shida, kuma ana samunsu a shagunan kayan waya. Ku jona ta da wata wayar salula ta biyu da za ta naɗi muryar, ku sa a aljihun ɗan wasa, kafin kowace ɗauka wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara. Wannan tafin ne zai ba mai haɗa fim damar daidaita murya da motsin baki. Mutum ɗaya a cikinku kada ya yi komai sai sa abin sauraro a kunne yana bin abin da ke shiga. Shi ne zai ji janaretan maƙwabta da Keke Napep ɗin da ke wucewa, waɗanda kunnen da ya saba da su ba ya lura. In kun gama da kowane ɗaki, kowa ya yi tsit na minti ɗaya a naɗi shirun ɗakin. Shiru ma yana da tasa muryar, kuma ranar haɗa fim za ku gode wa Allah da kuka naɗe shi.

Na biyu haske. Raunin waya a duhu yake: idonta ƙarami ne, in haske ya yi kaɗan sai hoton ya yi yashi-yashi. Kuskuren da masu farawa ke yi shi ne su ɗauki dare a cikin duhu na gaske. Ku haska wurin, sannan a rage hasken wajen haɗawa. Fitila ɗaya mai caji ta isa in an ajiye ta a gefe ko a bayan ɗan wasa, rabin fuska a haske, rabi a inuwa. Farin kwali zai mayar muku da ɗan haske ɓangaren da ya yi baƙi da yawa. Fitilar ƙwai a hannun ɗan wasa tana ba da kyan gani, amma a sa mutum guda ya riƙa lura da ita saboda gobara.

Akwai wani abu da ba kowa ke faɗa ba. Wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa wani lokaci za ka ga ratsi-ratsi na gudu a hoton da aka ɗauka ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ku saita ɗaukarku kan hoto 25 a daƙiƙa, saurin buɗe idon kyamara (shutter) kuma 1/50 na daƙiƙa, ratsin zai ragu ko ya ɓace. Manhajar Blackmagic Camera kyauta ce kuma tana ba da damar wannan saiti, in wayarku na ɗaukarta. Ku kulle haske da saitin gani (focus) a manhajar kafin a fara, don kada wayar ta riƙa canja su da kanta a tsakiyar wasa.

Ragowar kuɗin: ƙafar kyamara mai ƙwari, abin cajin waya na tafi-da-gidanka, da ma'ajiyar da za a kwafe aikin kowace rana a wuri biyu. Kashi ɗaya bisa uku kuwa ku ware wa abinci da kuɗin mota. Na sha ganin aikin ɗalibai ya tsaya a rana ta biyu don 'yan wasan da ba a biya ba sun wuni da yunwa, washegari ba su dawo ba.

Tambaya: Malam, ni malama ce mai kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo a wata makarantar kwana ta 'yan mata. Ɗalibaina suna so mu sayo fuskar dodo ta roba da jinin wasa daga intanet. Ya dace? Kuma ina iyakar abin da zan bari a nuna wa 'yan shekara 13 zuwa 17? Daga wata malama a Katsina.

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri da kika tsaya tambaya kafin saye. Ki bar fuskar robar nan a inda take. Da zarar kyamara ta tsaya a kanta na daƙiƙa biyu, ɗakin kallo zai kece da dariya, kuma matasa in suka fara dariya ba sa komawa tsoro. Kakanninmu sun san wannan tun a tatsuniya: ba wanda ya taɓa zana mana kamannin Dodo dalla-dalla, kowa da irin wanda ya ƙera a ransa, shi ya sa muka kasa fita fitsari da dare. A 2013 wani ɗan Suwidin, David Sandberg, ya yi fim ɗin Lights Out da matarsa a cikin gidansu, bai kai minti uku ba. Mace ce ke kashe fitila ta hango inuwar mutum a ƙarshen baranda, ta kunna ta ga babu kowa. Wannan ɗan abin ne aka mayar babban fim a Amurka a 2016.

Kuma kina zaune a kan arziki. Makarantar kwana cike take da labaran da ɗalibai ke ba juna bayan an kashe fitila, irin na matar nan mai takalmin ƙwas-ƙwas da ake cewa tana yawo a baranda. Ki sa su rubuta nasu: bokitin da ke canja wuri, gadon da ba mai shi amma ana samunsa da ɗumi, muryar da ke amsawa lokacin kiran suna in an kira ɗalibar da ta tafi gida. Shafi ɗaya na rubutu yana ba da kusan minti ɗaya a fim, don haka shafi biyar zuwa bakwai ya wadatar, da 'yan wasa uku da wuri ɗaya.

In dole sai an ga jini, a dafa zoɓo ya yi kauri, a zuba sukari da ɗan garin koko don ya yi duhu. Yana ɓata kaya, a sa tsofaffi. Ɗigo uku a kan farin hijabi sun fi kwano guda aiki.

Batun iyaka: hukumar tace fina-finai ta ƙasa, NFVCB, tana da matakan shekaru da suka haɗa da 12, 15 da 18. Tunda akwai 'yan 13 a cikin masu kallonki, ki auna komai da mafi ƙanƙantarsu. Kada a nuna yanka, ko yadda mutum zai cutar da kansa, ko tsafin neman kuɗi. Abu ɗaya kuma nake roƙonki a kai da babbar murya: kada muguwar labarin ta zama tsohuwa mayya, ko mai taɓin hankali, ko zabiya mai farar fata. Zargin maita ya jawo an yi wa mutane na gaske dukan kawo wuƙa a garuruwanmu, kuma yarinyar da ta kalli fim ɗin za ta koma unguwa inda akwai tsohuwar da ke zaune ita kaɗai. Ki sanar da iyaye tun kafin a fara, kuma duk ɗalibar da ta ce ba za ta iya kallo ba a ƙyale ta ba tare da tsokana ba.

Tambaya: Yaya, muna so mu ɗauki wani ɓangare a maƙabarta da tsakar dare, ko a wani kango a bayan gari. Wanne ya fi? Daga wani matashi a Gusau.

Amsa: Ko ɗaya, ƙanina. Maƙabarta wurin mutunci ce, iyayen mutane ne kwance a ciki. Kango da dare kuma akwai maciji, akwai rufin da ya ruɓe, sannan ka yi tunanin 'yan sintiri sun hango samari da adda da jini a riga ƙarfe ɗayan dare, a halin tsaron da ake ciki. Ku nemi zaure ko ajin makaranta da izinin mai shi, ku toshe tagogi da baƙin ƙyalle ku yi darenku da rana tsaka. In kuna buƙatar waje, ku yi amfani da 'yan mintunan nan na bayan faɗuwar rana, ku shirya komai tun la'asar don lokacin gajere ne ga kuma sallar magariba. Ku gaida mai unguwa ku faɗa masa abin da kuke yi. Wanda zai yi aiki a Kano kuma ya fara tuntuɓar Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda ke aiki tun 2001, ya ji ƙa'idojinta kafin ya fitar da komai ga jama'a.

Tambaya: Sai mun sayi manhajar haɗa fim? Kiɗan ban tsoro kuma a ina za mu samu? Daga wata ɗaliba a Jos.

Amsa: Ba sai kun saya ba, ƙanwata. In akwai kwamfuta mai ɗan ƙarfi, DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta da ya fi ƙarfin buƙatarku. In waya ce kawai, CapCut za ta yi. Kada ku yanko kiɗan wani fim, YouTube na gane shi, yana iya toshe aikinku. Akwai ma'ajiyar sauti ta kyauta a YouTube ɗin kansa, amma na fi so ku naɗi naku: ƙarar ƙyauren langa-langa, karan dawa busasshe da aka karya kusa da makirfo, jan silifa a kan siminti, kukan mujiya in kun dace. Ku rage saurin kowanne da rabi ku saurara da abin kunne a ɗaki ku kaɗai. Kafin ranar haskawa, ku nuna wa ƙannenku uku ko huɗu, ku zauna a bayansu kuna kallon kafaɗunsu. Duk inda suka ɗauko waya suna latsawa, ku yanke wurin.