Wai Tabarau Zai Cinye Idon 'Yata?

Tambaya: Likita, an auna idon 'yata mai shekara 6 an rubuta mata tabarau. A takardar akwai RE +1.00, LE +4.50, da CYL, AXIS da PD, ban gane ko ɗaya ba. Surukata ta hana, wai gilashi cinye ido yake yi, a riƙa sa mata kwalli har ta girma. Hankalina a tashe yake.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, amma fa kada ki yi jinkiri.

RE idon dama ne, LE na hagu, lambobin kuma ƙarfin gilashin kowane ido. Alamar + na nufin idon sai ya yi ta fama kafin ya gani sosai, musamman abu na kusa. CYL gyara ne ga idon da gabansa bai zagaye daidai ba, AXIS kuwa kusurwar da za a ɗora gyaran, daga 1 zuwa 180. PD tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin ido biyu ce da milimita. In aka kuskure ta, tsakiyar gilashi ba za ta faɗo kan ƙwayar ido ba, sai ciwon kai.

Wajen firam, ki zaɓi na roba wanda gadarsa ta zauna daram a karan hanci, hannayensa suka kama bayan kunne. In yana zamewa, ta saman gilashin yarinya za ta riƙa leƙe. Gilashin ya zama polikabonet, ba ya saurin fashewa.

To, maganar Hajiya surukarki. Kullum sai mun ji ta, kuma ta gajiyar da mu. Tabarau ba ya taɓa ido, haske kawai yake lanƙwasawa kafin ya shiga. Wanda ya saba gani tar, in ya cire sai ya lura da hazon da ya daɗe yana fama da shi, ya ce gilashi ne ya jawo.

Abin tsoron yana cikin takardarki: +1.00 da +4.50. Idon hagu hoto mai hazo yake aika wa ƙwaƙwalwa, ita kuma sai ta yi watsi da shi ta riƙe na dama. Yarinyar ba za ta yi ƙorafi ba, tunda tana gani da ɗaya. Ƙwaƙwalwa kuwa koyon gani take yi zuwa wajen shekara 7 ko 8, bayan nan gyaran yana ƙara wuya. "Har ta girma" ɗin nan shi ne yake kashe idon. Ana kawo mana irin waɗannan yara suna shekara 15, a lokacin ko an sa gilashin da ya dace idon ba ya komawa yadda ya kamata.

Kwalli ba ya gyara komai a nan, kuma na dutse yakan ƙunshi dalma, guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Masu tallan tabarau a faranti kuma, ƙarfi ɗaya ne a idanu biyu, babu CYL, babu awon PD. Wa ya auna 'yarki a bakin kasuwa?

Ki tafi da Hajiya asibitin ta ji da kunnenta. Yarinya ta sa tabarau daga tashi har kwanciya, ku koma ranar da aka ba ku. In na hagun bai farfaɗo ba, za a riƙa rufe na dama na wasu awoyi kullum don a tilasta masa aiki.