Filin Maharba: wace bindiga, wane harsashi, ga wace dabba?

Wasiƙun da suka iso mana Damagaram a wannan watan kusan duk abu guda suke tambaya, wato bindigar da ta fi ƙarfi. Mu kuwa abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne dabbar da aka harba ba ta faɗi ba, ta shige daji da harsashi a cikinta, ta yi kwana uku tana jan rai. Da wannan ma'auni muka amsa.

Assalamu alaikum. Ni ɗan unguwar Birni ne, ina aiki a Faransa. Na ci jarrabawar izinin farauta, abokan aiki kuma sun gayyace ni harbin barewar ƙasarsu. A kanti an jera mini .243, .270, 7x64, .308 da .30-06, kaina ya ɗaure. Wacce zan saya? Ɗanku, daga Liyon.

Wa alaikumus salam, ɗanmu. Ka fara da tambayar abokan naka wace barewa suke nufi, don ba iri ɗaya ba ce. Ƙaramar, wadda suke kira chevreuil, kilo 20 zuwa 30 ce, ta ɗan ɗara barewarmu ta sahara. Babbar, wato cerf, namijinta yakan kai kilo 200. Harsashin da ya ishi ta farko ba lallai ya ishi ta biyu ba.

Lambobin nan ba su da wuyar karantawa. A 7x64, bakwai ɗin kaurin ƙwayar harsashi ne a milimita, 64 kuma tsawon kwanso. Masu ɗigo a gaba awon inci ne irin na Amurka da Ingila, "06" na .30-06 kuwa shekarar 1906 ce da sojan Amurka suka fara amfani da shi. .243 Winchester yana jefa ƙwaya mai giram 6.5 da gudun wajen mita 900 a daƙiƙa, shurinsa a kafaɗa kusan rabin na .30-06 ne. Ga ƙaramar barewa ya wadatar, amma ga babban namijin cerf ba ya yafe kuskure: in ya ci karo da ƙashin kafaɗa, ƙwayar na iya tarwatsewa kafin ta kai huhu. .270 Winchester, wanda ya fito a 1925, giram 8.4 ne da gudun wajen mita 930, yana tafiya a miƙe, ya dace da fili. .308 mai giram 9.7 yana yin wajen mita 860, .30-06 mai giram 11.7 wajen mita 820.

Shawararmu ita ce 7x64 ko .308. Na farkon Wilhelm Brenneke ya ƙera shi a Jamus a 1917, ya kuma yi jijiya a Faransa saboda an daɗe ana hana mafarauta awon harsashin soja a can, sai a 2013 aka sassauta. Saboda haka da wuya ka shiga kantin makamai ka rasa shi. Dukansu biyu suna kayar da babba da ƙarama, kuma mutum mai matsakaicin jiki zai iya harba ashirin a filin gwaji ba tare da kafaɗarsa ta yi tsami ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda bindiga ta taɓa bugu yakan koyi runtse ido da fizgar kunama kafin ta tashi, kuma bai san yana yi ba. Ka sa aboki ya riƙa ɗura maka, wani lokaci ya bar ta ba harsashi bai gaya maka ba. In ka ja kunama a kan wofi ka ga bakin bindiga ya dunguri ƙasa, to ka kamu, sai ka koma ƙaramin harsashi har hannunka ya natsu.

Dokar can ta hana harbin waɗannan dabbobi da ƙaramar .22 ta harbin zomo, ta kuma shar'anta ƙarfin bugu na jul 1,000 (jul ma'aunin ƙarfi ne) aƙalla a nisan mita 100. Duk biyar ɗin da aka nuna maka sun wuce haka nesa.

Malam, ina da bindiga mai baki ɗaya, kalibar 12, ƙirar Baikal, da ita nake harbin zabi da fakara. Wane harsashi zan sa mata in harbi barewa a arewacin Gure? Wani manomi, daga Gure.

Ɗan'uwa, amsa biyu ce, kuma ta biyun ta fi nauyi.

Bindigarka cikinta sumul yake, ba ta da zaren da ke murɗa harsashi ya tafi a miƙe kamar karabin. Ƙananan ƙwayoyin darma take watsawa, kuma bayan mita 35 zuwa 40 sun riga sun baje, ƙarfinsu ya kare. Girman ƙwayoyin da lamba ake gane shi: ga zabo lamba 4 ta yi, ga fakara lamba 6. Barewa kuwa ba ta bari a matso ta haka a fili. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya harba daga mita 70 ko 80, ƙwaya biyu ko uku su shiga cinya ko tumbi, ta gudu kamar ba abin da ya same ta, daga baya ungulu su nuna inda ta faɗi. Ba nama, ba yanka, sai alhaki.

Sa'annan arewa da kai, bayan Taskar, akwai gandun Tarmit da Tin Tumma da aka kafa a 2012. Can ne mafakar ƙarshe ta addaks, farar dabbar sahara mai murɗaɗɗun ƙahoni, wadda masana suka ƙiyasta waɗanda suka rage a daji ba su kai ɗari ba. Ba a farauta a ciki ko da wace irin takarda. Doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ita ce ta tsara farauta a Nijar: sai da izinin farauta, ban da izinin riƙe bindigar kanta, kuma akwai jerin dabbobin da ba a taɓawa sam. Ka je ofishin ma'aikatan gandun daji na Gure su nuna maka abin da aka buɗe da lokacinsa. Barewar da kakanninmu suka saba gani garke-garke mota da fitila suka ƙarar da ita, ba kwari da baka ba. Muna roƙonka ka bar wadda ta rage ta hayayyafa.

Tunda kana da kalibar 12, duba rubutun da ke jikin ƙarfenta. In an sa 12/70, kada ka cusa mata harsashi mai tsawon milimita 76, don na milimita 70 aka ƙera ta. Zai shiga, ta rufu lafiya, amma in ya tashi bakin kwanson ba ya samun wurin buɗewa, matsi ya hau fiye da abin da aka ƙera ta ta ɗauka.

Ranku ya daɗe. An gayyace ni yankin farauta mai izini a arewacin Kamaru, kusa da Binuwai, don gwanki da ɓauna. Ina da .30-06. Za ta yi, ko in nemi wata? Wani Alhaji, daga Zango.

Alhaji, ga gwanki za ta yi. Dabba ce mai kilo 250 zuwa 300 mai taurin rai, don haka a sa mata ƙwaya mai giram 11.7 irin wadda ke buɗewa a hankali ba ta wargajewa, kamar Nosler Partition da ke kasuwa tun 1948, ko waɗanda aka manne darmarsu da rigar jan ƙarfe.

Ɓauna daban take. Ƙasashen Afirka da yawa sun sa .375 a matsayin mafi ƙanƙantar awo ga dabbobi masu haɗari, kuma ba don ado ba ne. .375 H&H, na kamfanin Holland & Holland na Landan tun 1912, yana jefa giram 19.4 da gudun wajen mita 770, ya ratsa fata mai kauri da haƙarƙari ya kai zuciya. Wasu wurare suna karɓar 9.3x62 na Jamus, mai giram 18.5, wanda shurinsa ya fi sauƙi. Ku nemi masu sansanin su rubuto muku abin da aka yarda da shi kafin ku kashe kuɗi. Sau da yawa hayar bindigar sansani ta fi sauƙi a kan neman takardun ƙetare iyaka da taku.

Shurin .375 ya kusa ninka na .30-06, saboda haka ranar farko ta filin gwaji ce, a tsaye, bisa sandunan jingina. Madubin hange ya zama mai ƙaramin kusantarwa, ninki 1.5 zuwa 5, kuma ya yi nesa da ido kamar santimita 8 zuwa 9, in ba haka ba zai tsaga muku gira. Harsashin farko mai buɗewa, na bayansa daskararru masu huda ƙashi. A bi ƙafar gaba da ido a hau kashi ɗaya cikin uku na jiki, daga nisan mita 40 zuwa 80, tana tsaye ta ba da gefe. In ba ta ba da gefe ba, a jira. In ta gudu bayan harbi, kada kowa ya bi ta nan take. A ba ta rabin sa'a, jagora mai lasisi ya shige gaba, don ɓauna mai rauni takan kewayo ta laɓe a duhuwa tana fuskantar sawunta.

Wani ya ce mini harsashin soja ya fi arha kuma ya fi ƙarfi, kuma duk wanda ya shiga bindiga to nata ne. Gaskiya ne? Mai karatu, daga Magariya.

Ko ɗaya ba gaskiya ba ne, kuma riƙe harsashin soja kaɗai ya isa ya kai mutum gaban jandarma. An lulluɓe kansa gaba ɗaya da ƙarfe, ba ya buɗewa, sai ya huda dabba kamar basilla ya fita, ta tafi da rauni. Batun shiga kuwa, .308 yakan zauna cikin bindigar .270 ta rufu, alhali ƙwayarsa ta fi ramin bututun kauri. Abin da ke biyo baya fashewa ce a gaban fuska. Haka harsashin kalibar 20 yakan zurma cikin bututun kalibar 12 ya maƙale, mutum ya ɗora wani a bayansa. Rubutun gindin kwanso ya yi daidai da na jikin bindiga harafi da harafi. Masu bindigar toka kuma kada su kuskura su farke harsashin zamani su zuba garinsa a ciki: matsinsa ya fi na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, bututun maƙera ba ya ɗaukarsa.

Na ɗaura sabon madubi a kan .308 tawa, ina da takarduna, amma harbi uku wuri uku. Bindigar ce ko ni? Ƙaninku, daga Mirriya.

Ƙanenmu, a mafi yawan lokuta kusoshin da suka riƙe madubin ne suka saki. Ka ɗaure su tukuna, daidai wa daida, ba har su murje ba. Sai ka nemi wuri mai tudun rairayi a bayan abin bara. Duwatsun nan namu na Damagaram ba wurin gwaji ba ne, harsashi yakan dake su ya karkace, kuma na karabin yana iya wuce kilomita 3.

Ka cika buhu da yashi ka ɗora katakon gaban bindiga a kai, ba ƙarfen bututun ba. Zare sakatar, leƙa ta cikin bututu ka daidaita shi da ɗigo a mita 25, sa'annan ka murɗa madubi har gicciyensa ya hau ɗigon ba tare da bindigar ta motsa ba. Harba ɗaya ka tabbatar yana kan takarda. Koma mita 100, harba uku a natse, ka auna daga tsakiyar ukun, ba daga wanda ya fi yi maka daɗi ba. Madubin Turai yawanci kowane ƙas ɗaya santimita 1 ne a mita 100, na Amurka kuwa wajen milimita 7. An rubuta a kan murfin. In tsakiyar ta sauka santimita 6 ƙasa da 4 hagu, a madubin Turai ƙas shida sama ke nan da huɗu dama. Bar bututun ya huce tsakanin zagaye, don zafi yana sa harbi ya riƙa hawa. Ranar da ka sauya kamfanin harsashi ko nauyinsa, saiti ya tashi, sai an sake. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da saitin mita 100, ƙwayar giram 9.7 tana sauka santimita 10 zuwa 12 a mita 200, kusan 40 a mita 300. Ka rataya murfin kwano mai faɗin santimita 20, wato kimanin girman huhu da zuciyar matsakaiciyar dabba. Nisan da kake sa biyar cikin biyar a kansa, a irin zaman da za ka yi a daji, nan ne iyakarka, ko da bindigar ta fi haka.

Yaya ake ajiye bindiga a hunturu da bazara? Wata uwar gida da ke tsoron ta maigidanta, daga Tanut.

Hajiya, tsoronki yana kan hanya. A ajiye ta ba harsashi, a kulle, harsasai a wani akwati daban mai makulli, inda yara ba su kaiwa. Ƙurar hunturu in ta haɗu da mai da yawa takan zama kamar garin wasa wuƙa ta cinye sakata, don haka a shafa kaɗan a goge da tsumma har ya kusa bushewa. Harsashi kada ya yini a cikin mota a watan Afrilu ko Mayu, zafi yana ƙara masa matsi. Ki ce wa maigida ya riƙa leƙa bututun a haske kafin kowace fita, bayan ya tabbatar ba komai a ciki: zanzaro yana son ramin, yakan gina ɗakinsa na laka a can, kuma toshewa kamar wannan ta isa ta tsaga ƙarfe. In ya ja kunama ba ta tashi ba, ya riƙe bakinta yana kallon ƙasa daƙiƙa 30 kafin ya buɗe. In kuma ta tashi da ƙara mara ƙarfi, kada ya sa wani sai ya duba ko ƙwayar ta tsaya a tsakiyar bututu.