Amsa ga 'yar'uwar da ta ga ana jan yarinya a tasha

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce a wata tashar mota a Birnin Kebbi kin ga wani mutum yana jan yarinyar da ba ta wuce shekara shida ba, tana turjewa tana kuka, tasha cike da jama'a amma ba wanda ya ce uffan, ke ma ƙafafunki suka ƙi motsi har suka ɓace miki. Yanzu abin ya hana ki barci, kina tambayar inda masu tsoma baki a irin wannan hali suke samo ƙarfin zuciyarsu. Zan amsa miki da abin da ya faru a gabana, domin ni ma na taɓa tsayawa irin tsayuwar da kika yi.

Ni mutumin Argungu ne, na yi shekaru ina koyarwa a firamare kafin na ajiye aiki. Wata yamma da damina, gulbi ya kawo ruwa sosai, na je bakin ruwa sayen kifi. Mata suna wanki, samari suna wanke babura, masunta suna gyaran komarsu, sai wani yaro cikin masu wasa a kan kwale-kwalen da aka ɗaure ya zame ya faɗa ruwa. Abin da har yau ban manta ba shi ne yaron bai yi ihu ba. Wanda ruwa yake ci ba ya samun damar kira, domin duk sa'ad da bakinsa ya fito numfashi yake nema, shi ya sa za ki ga kai yana fitowa yana nutsewa, hannuwa suna dukan ruwa, mai kallo ya ɗauka wasa ne. Mun haura mutum ashirin a wurin, cikinmu har da waɗanda suka tashi a cikin gulbin nan, amma kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido. Ni a raina cewa nake yi masunta suna nan, aikinsu ne, daga baya kuma wani masunci ya gaya mini shi ya zaci yayyen yaron suna kusa.

Wadda ta motsa wata tsohuwa ce mai wanki, wadda ko iyo ba ta iya ba. Ta juye ruwan jarkarta, ta ɗaure murfin, ta wurga wa yaron, jarkar ba ta ma kai gare shi ba. Sai ta juya ta kira wani saurayi masunci da sunansa, ta haɗa da sunan mahaifiyarsa, ta ce masa, "Kai nake nufi, shiga ka ɗauko shi!" Kafin ta rufe baki ya faɗa ruwa, wasu biyu suka bi shi. Ta nuna ni da hannu ta ce, "Malam, kai kuma tsayar mana da mai babur." A lokacin ne jikina ya saki. Da aka fito da yaron wasu sun so su rataye shi kai ƙasa wai ruwa ya zubo, wani ma'aikacin lafiya da ke wurin ya hana, ya kwantar da shi ya hura masa iska a baki yana danna ƙirjinsa har ya yi tari. Ya kuma dage a kai shi asibiti duk da ya farfaɗo, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da matsala bayan wasu sa'o'i.

Na daɗe ina tunanin tsohuwar nan. Ba ta fi mu ƙarfi ba, kuma na ga hannunta yana rawa bayan komai ya lafa, wato ita ma ta ji tsoro. Abin da ta fi mu da shi shi ne ta cire nauyin daga kan "jama'a" ta ɗora shi a kan mutum ɗaya mai suna. Daga baya na karanta cewa tun 1968 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, John Darley da Bibb Latané, sun gwada wannan, suka gano cewa idan masu kallo suka yi yawa, kowane ɗaya yakan yi jinkirin taimako, saboda yana ganin akwai wanda ya fi shi cancanta. Saboda haka abin da ya kama ki a tashar nan ba mugun hali ba ne, abu ne da yake kama kusan kowa, kuma yana da magani.

A irin halin da kika gani, ba a nemi ki kama kowa da kokawa ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito a kan gusar da mummuna ya ambaci hannu, sannan harshe, sannan zuciya, kuma harshe shi ne abin da yake hannunki. Ki matsa kusa ki yi sallama, ki yi wa yarinyar magana kai tsaye, ki tambaye ta sunanta da ko wane ne wannan da ke riƙe da ita. Uba na gaskiya zai iya ɓata fuska, amma zai amsa miki, mai mugun nufi kuwa ba abin da yake gudu kamar a lura da shi. Idan hankalinki bai kwanta ba, ki kira mutum ɗaya takamaimai, kamar ɗan kamasho ko shugaban tasha ko wata dattijuwa mai sayar da abinci, ki ce masa a tsayar da motar har a tantance. Ki riƙe lambar mota, kuma akwai lambar gaggawa ta 112 ga wanda bai ga jami'in tsaro kusa ba.

Abu ɗaya nake roƙon ki da duk mai karanta wannan, kada a ɗaga murya a ce "ɓarawon yara". Wannan kalma a tasha ko kasuwa tana iya sa a hallaka mutum cikin 'yan mintoci, alhali wataƙila kawun yarinyar ne zai mayar da ita makaranta tana ƙi. Wanda ya tsoma baki ya ɗauki amanar rai biyu, na yarinyar da na wanda ake zargi, har sai hukuma ta bincika.

Na san dalilin da ya sa bakin mutane ya mutu a yankinmu. Da can ana cewa ɗa na kowa ne, maƙwabci yana tsawata wa ɗanka ka je ka yi masa godiya. Yanzu ana tsoron a shiga sharo ba shanu, ana tsoron a je bayar da shaida a wayi gari ana kai da komo a ofishin 'yan sanda, ga kuma tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Wanda ya ga abin da ya faru a Jangebe a Fabrairun 2021, inda aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantarsu, da na kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021, ba za a zarge shi ba idan ya koyi kame baki. Ba kuma zan ce wa kowa ya tari mai bindiga da hannu ba, wannan jefa kai ne cikin halaka. A can jarumtar ita ce buɗe ƙofa ga yaran da suka gudo, a ɓoye su, a ba su ruwa, a sanar da wanda ya dace. Amma bai kamata tsoron daji ya biyo mu har cikin tasha da rana tsaka ba, inda abin da ake buƙata bai wuce tambaya ɗaya ba.

Game da yarinyar da kika gani kuwa, lokaci bai ƙure ba. Ki koma tashar tare da mijinki ko wani ɗan'uwanki, ki sami shugabannin direbobi ki faɗa musu ranar da lokacin da kamannin mutumin da irin kayan da ke jikin yarinyar. Su sun san motocin da suka tashi a ranar da inda suka nufa, kuma idan akwai iyayen da suka zo cigiya, wurinsu za su fara zuwa.