Furen fofi: ruwa ne ke kashe shi a wurin reno

Wata baiwar Allah da ke aure a Birmingham ta ƙasar Ingila ta rubuto cewa sau uku tana sayen irin furen nan da Turawa ke kira fofi, mai shekara da shekaru a ƙasa, wanda ake rubuta Papaver orientale a jikin fakitinsa. A karon farko ko ɗaya bai fito ba. A na biyu da na uku ya tsira, amma kafin mako biyu duk ya kwanta ya mutu. Tana son in faɗa mata maganin feshin da za ta saya.

Hajiya, ki adana kuɗinki. A karon farko binne irin kika yi, shi ya sa bai fito ba. Ƙwayar fofi ƙanƙanuwa ce kamar ta alayyafo, kuma sai ta ga haske take tsira. Ki gauraya ta da rairayi busasshe, ki barbaɗa a kan ƙasa mai laima, ki danna da tafin hannu, shi ke nan. Ki nisanta tukunyar daga hita, domin ɗumin digiri 13 zuwa 18 ya ishe shi. Cikin mako biyu zuwa uku za ki ga ya ɓullo.

Mutuwar ta biyu da ta uku ce nake son mu tsaya a kai, don na gaji da maimaita ta. Duk wanda ya taɓa renon tumatir ko tattasai a Kadawa ya san wannan ɓarna. Da yamma fangali kore shar, da safe ka tarar da wani gefe ya kwanta kamar an taka. Ki ɗaga tsiro ɗaya ki duba daidai inda karan ya haɗu da ƙasa. Za ki ga wurin ya tsuke kamar zare, ya yi duhu, ya yi laushi, alhali ganyen sama yana nan da korensa. Wasu ƙwayoyin cuta ne da ke zaune cikin ƙasa, irin su Pythium, suke cinye shi ta nan. Abin da suke so uku ne: ƙasar da ba ta tsanewa, cunkoson tsiro, da rashin iska. Dukkansu kuwa mai reno ne ke kawo su da hannunsa, saboda tausayi. Ya ga tsiron ya langaɓe, sai ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa kashe shi. Daga nan ya nufi shago neman kwalbar magani mai tsada. Tsiron da ya riga ya kwanta, babu feshin da zai tashe shi. Ki cire shi tare da ƙasar da ke kewaye da shi, ki zubar nesa.

In za ki sake gwadawa, ki wanke tukwanen da sabulu da ruwan zafi, ki tabbata gindinsu a huje yake. Ki sayi sabuwar ƙasar reno, kada ki maimaita wadda cutar ta taɓa. Kada ki zuba ruwa ta sama. Ki zaunar da tukunyar cikin faranti mai ruwan famfo, da kin ga saman ƙasar ya jiƙe ki fitar da ita ta tsane. In kin rufe tukunyar da leda, ki yaye ta ranar da kika ga tsiro na farko. Kuma don Allah kada ki juye fakiti guda cikin tukunya ɗaya. Ƙwaya huɗu ko biyar a kowace ƙaramar tukunya, daga baya ki bar mai ƙarfi ɗaya. Wannan zai taimake ki wajen dashe ma, don saiwar fofi doguwa ce mai nutsawa, ba ta son a dame ta. Ki dasa shi yana ƙarami, da ƙasarsa a jiki, a wurin da rana ke samu kuma ruwa ba ya kwanciya, tazarar kamar rabin mita. Kada ki sa ran fure a bana. Galibi sai shekara ta biyu, ƙarshen Mayu zuwa Yuni, za ki ga jan furen nan mai faɗin tafin hannu da baƙin tabo a tsakiyarsa.

Wani malami daga Kano ya ce ƙanensa ya kawo masa irin daga Turkiyya, yana tambayar watan shuka. Malam, gaskiya ɗaya ce: ba zai zauna maka ba. Asalinsa duwatsun Kokasas ne da arewa maso gabashin Turkiyya da arewacin Iran, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa. Sanyin hunturunmu na iya tsirar da shi a Disamba, amma zafin Afrilu mai kai digiri 40 zai gama da shi bai yi fure ba. In furen da zai daɗe kake so, ga kariya nan, tana fure da rani tsakiya ba ta neman ruwa, sai dai a kula da yara don ruwan jikinta dafi ne. Sannan ka karanta fakitin da kyau. In ka ga Papaver somniferum, shi ne wanda ake samun ofiyom da hiroyin daga gare shi, kada ka jawo wa kanka hukumar NDLEA.

Ɗan'uwa daga Jamus da ya ce nasa ya bushe ƙurmus a Yuli bayan ya gama fure: kada ka tone, barci yake yi. Ka yanke busasshen ganyen, ka kafa sanda don kada ka manta wurin, ka rage ruwa. Zai toho da kansa wajen Satumba.

Mai tambaya daga Katsina kan ciyawar nan mai ƙaya da furen rawaya, wadda a wasu wurare ake kira haƙorin kada: ƙwarai, danginsu ɗaya da fofi, asalinta ƙasar Meziko, kuma ƙwayarta guba ce, kada ta shiga hatsi.

Sai 'yar'uwar da ke Kanada, wadda ta tara iri daga fure mai ruwan hoda, ta shuka ya fito ja. Ba wanda ya cuce ki, haka iri yake yi, yakan koma launin kakanninsa. In ainihin launin kike so, ki bari sai ƙarshen kaka, ki tone gefen gindin, ki yanko saiwa mai kaurin fensir, tsawon santimita 5. Ki soka ta a tsaye cikin tukunya mai ƙasa da rairayi, gefen da ya fi kusa da uwar yana sama, ki ajiye a wuri mai sanyi. Ruwa kuma kaɗan kaɗan, kamar yadda na gaya wa Hajiya.